Asibitin gwamnati: mai yabo da mai kuka duk gaskiya suka faɗa

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango, a madadin kwamitin walwala



Kwamitin walwala ne ya ɗora mini wannan magana, saboda ni ce ke riƙe da littafin dubiya da gudummawa. Duk wanda ya kwanta a asibiti daga cikinmu, ko iyalinsa suka kwanta, labarin yakan biyo ta hannuna. Zan faɗi abin da na gani ba tare da kama sunan kowa ko sunan wani asibiti ba, domin ciwo sirrin mai shi ne, kuma ba shari'a muka zo yi ba.

Duk wanda ya saba zama a ofishin malamai lokacin tara ya san gardamar. Da zarar an ambaci asibitin gwamnati sai ɗaki ya rabu biyu. Wannan ya ce ba don Allah ba don su ba da yanzu an yi sadakar arba'in ɗin matarsa. Wancan ya ce ya rantse ko akuyarsa ba zai kai can ba. Abin da ke ɗaure kai shi ne, sau da yawa asibiti ɗaya suke nufi, wani lokaci ma ɗaki ɗaya. Mun saba ɗauka cewa ɗayansu ne ke ƙara gishiri. A ganina babu maƙaryaci a cikinsu, kuma wannan ne ainihin abin tsoron. Asibitin da ya lalace gaba ɗaya ana iya guje masa. Wanda kuwa yau zai cece ka, gobe ya watsar da kai, ba ka san da wane shiri za ka tunkare shi ba.

Ga misali biyu daga littafina. Matar wani ɗan'uwanmu jijjiga ta kama ta tana da cikin wata tara, wajen ƙarfe biyun dare. Ungozomar da ke bakin aiki ba ta tambayi kati ba, ba ta tambayi kuɗi ba, sai da ta yi mata allurar tsayar da jijjigar, ta aika aka taso likita. Kafin kiran assalatu an yi tiyata, an ciro yarinya da rai. Abin da mijin ya biya bai kai kuɗin ragon suna ba, domin yana da katin taimakekeniya. Yarinyar tana nan tana tatata.

A wannan asibitin dai, wani dattijonmu mai hawan jini yakan je duk wata. Yana sallar asuba yake kama layi, ba ya ganin likita sai rana ta take. Likita ya rubuta magani kala huɗu, a tagar magani a miƙo masa farasitamol, a ce sauran babu. Sai ya tsallaka titi zuwa kemis ya sayi na kwana goma sha biyar, ya riƙa sha yau, gobe ya tsallake, don ya kai shi ƙarshen wata. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa maganin hawan jini ba a yi masa haka. Yanzu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da ya shekara talatin yana riƙe alli. Shi ma katin nan yana aljihunsa, kuma ba a taɓa fashin cire masa kuɗinsa daga albashi ba.

Kada mu zaci wannan namu ne mu kaɗai. A 2018 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Sun ƙiyasta cewa a kowace shekara mutum miliyan 8.6 ke mutuwa da cututtukan da asibiti zai iya magancewa. Daga cikinsu miliyan 3.6 ba su je asibitin ba. Sauran miliyan 5 kuwa sun je, kulawar ce ba ta da inganci. Ku sake sauraron wannan: waɗanda suka isa ƙofa sun fi waɗanda ba su isa ba yawa. Shekara da shekaru muna wa'azi ga iyayen yara cewa su daina zama da ciwo a gida. Wa'azin daidai ne, amma rabin magana ne, domin isa asibiti daban, samun magani daban.

To me ke sa a dace, me ke sa a rasa? Na lura da wani abu, kuma a kansa zan fi tsayawa. Akwai ayyukan asibitin gwamnati da ba kasafai ake kuka da su ba. Allurar rigakafin yara kyauta ce, kuma galibi idan uwa ta je ranar da aka sa za ta samu. Maganin tarin tibi kyauta ne tsawon wata shidan da ake sha, har ana bibiyar wanda ya daina zuwa. Duk damina ma'aikata na bi gida-gida wata-wata suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A Babbar Ruga ta Katsina an yi wa dubban mata aikin yoyon fitsari, matan da wasunsu mazajensu suka saka, danginsu suka ƙyamata, suka koma gida da mutuncinsu. Cutar shan inna da ta gurgunta yara a unguwanninmu, a ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an raba nahiyar Afirka da ƙwayarta ta asali, kuma Nijeriya ce ƙasar ƙarshe da ta rage. Ma'aikatan da muke zagi su ne suka yi waɗannan ayyuka, a ɗakunan da muke rainawa.

Me ya haɗa waɗannan ayyuka? An ware musu kuɗi, an tsara yadda kaya ke isowa, sannan akwai mai ƙirga. Akwai rajista, akwai wanda zai zo daga sama ya buɗe ta, ya ce yara nawa aka yi wa, nawa suka ɓace, don me. Mu malamai ba baƙi ba ne a wannan. Mun san yadda makaranta ke kasancewa a makon da ake jiran jami'in duba makarantu, mun kuma san yadda take kasancewa idan an shekara ba a ga ƙeyarsa ba. Dattijonmu mai hawan jini babu rajistar da ke ƙirga shi. Ko ya sha magani ko bai sha ba, ko jininsa ya sauka ko ya hau, babu ofishin da za a tambayi wani. Shi ya sa lamarinsa ya koma sa'a.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ya kamata kowane mai kati ya fahimta. An kafa tsarin inshorar lafiya na tarayya da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, sannan a watan Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshorar a kan kowa. Jihohi ma suka kafa nasu, Kano da dokar 2016, Kaduna a 2018, wasu suka biyo baya. Yadda irin wannan tsari ke tafiya shi ne, asibitin da ka zaɓa ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kanka kowane wata, ko ka je ko ba ka je ba, daga ciki zai duba ka, ya ba ka maganin ƙananan cututtuka. Manyan ayyuka irin su tiyata kuwa lissafinsu daban ne, asibiti ke aika takardar abin da ya kashe a biya shi. A tsarin tarayya wannan kuɗi na wata-wata ya shekara fiye da goma yana kan naira 750 ga mutum guda, sai a 2024 aka ƙara. Ku tuna abin da ya faru da farashin magani bayan an saki darajar naira a 2023, shekarar da kamfanin GSK ma ya sanar da rufe harkarsa a ƙasar nan. Duk wanda ke sayen maganin asma ko na suga ya ji a jikinsa. Idan abin da ake biya a kan mutum bai kai kuɗin maganinsa na mako guda ba, to kalmar "babu" ita ce ta fi arha a wurin asibiti. Nan za ku ga dalilin da ya sa mai tiyata ke fita yana sa albarka, mai ciwon yau da gobe kuwa yana fita da takarda a hannu. Ban ce wannan ya halatta abin ba. Na ce mu san inda ɗakin ke yoyo, kada mu yi ta faɗa da yarinyar da ke zaune a taga.

Sama da wannan akwai alkawuran da aka yi ba a cika ba. A watan Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya. A gidanmu aka yi alkawarin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa ba, yawanci tana kewaye da kashi 5. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Likitoci kuma suna ta tafiya. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Wanda ya rage shi ke ganin layin mutum uku.

A nan ina so in yi ɗan ratse, don akwai zumunci tsakaninmu da wannan fanni wanda da yawanmu ba su sani ba. Lokacin da aka kafa ƙungiyarmu ta malamai a 1931, shugabanta na farko shi ne Rabaran Israel Ransome-Kuti. Ɗansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, shi ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, kuma shi ya dage cewa lafiyar ƙasa daga ƙaramin asibitin unguwa take farawa, ba daga asibitin koyarwa ba. Uban ya tsaya wa makaranta, ɗan ya tsaya wa sha-ka-tafi. Har yau kuwa su biyun 'yan ɗaki ɗaya ne: firamare da ƙaramin asibiti duk a wuyan ƙaramar hukuma aka rataya su, duk su ake fara mantawa, duk su ake fara zagi. Malamar da ke tsaye gaban yara ɗari da guntun alli, in aka ce ɗalibanta ba su iya karatu ba, ta san zafin a ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba. Don haka idan muka tarar da nas guda ɗaya tana riƙe da ɗakin mutum talatin cikin dare, tana neman jijiya da fitilar waya, mu ne ya kamata mu fi kowa gane halin da take ciki.

Amma fa rashi daban, wulaƙanci daban, kuma ba zan yarda a haɗa su ba. Rashin janareta na buƙatar kasafi. Daina yi wa mai naƙuda tsawa ba ya buƙatar ko kwabo. Gaya wa mara lafiya sunan ciwonsa da harshen da yake ji, da yadda zai sha magani, da alamar da in ya gani zai dawo da gudu, minti biyu ne. Ja labule kafin a buɗe jikin mace ba sai an jira Abuja ba. A cikin koke-koken da suka iso gare ni, wanda ya fi daɗewa a zuciyar mutane ba na magani ba ne. Mutum yakan manta da kuɗin da ya kashe a kemis, amma ba ya manta ranar da aka ce wa mahaifiyarsa, a gaban jama'a, "in ba za ki iya jira ba ga hanya nan". Ita kuma macen da aka zaga a ɗakin haihuwa, cikin gaba a gida za ta haihu, ta kuma hana ƙanwarta zuwa. Zagi ɗaya yana rusa wa'azin shekara.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci a wajenmu. Da yawa daga cikin labaran yabo da nake ji, in ka bi diddigi, za ka tarar da jimla ɗaya a tsakiya: "sai ga wani tsohon ɗalibina". Ana cikin layi sai wata mai farin kaya ta ce, "La, Malam, kai ne? Taso." Daga nan komai ya zo da sauƙi. Wannan albarkar koyarwa ce, kuma ba mai ƙin ta. Sai dai mu tambayi kanmu, manomin da ke bayanmu a layin, wanda ɗansa ke ajinmu, wa zai ce masa taso? In har sai ka san wani ake duba ka da kyau, to alfarma ka samu, haƙƙinka bai zo hannunka ba tukuna. Ranar da aka yi wa ɗalibin naka canjin wurin aiki, kai da manomin kun zama ɗaya.

Ba zan ɓoye namu ɓangaren ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu ba sa zuwa sai kemis ya gama gwada basirarsa a kansu. Wasu in ba a yi musu allura ko ƙarin ruwa ba sai su ce likita bai iya aiki ba. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na ɗigon jini ba ya wuce minti ashirin, amma in ya nuna babu, sai a yi fushi, a je a sayi maganin duk da haka. Akwai kuma masu ɗaga hannu a kan ma'aikaci idan an yi rashi. Wannan ba ya dawo da mamaci, sai dai ya ƙara wa likita dalilin neman fasfo.

Yanzu ga abin da doka ta ba mu, don wanda bai san haƙƙinsa ba roƙo yake yi. Sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili ne, kuma hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A watan Yulin 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya, wanda ya ƙunshi haƙƙin a yi maka bayani da harshen da kake fahimta, haƙƙin sanin dalla-dallar abin da za ka biya, haƙƙin sirri, da haƙƙin kai ƙara. A tsarin tarayya mai kati na biyan kashi 10 cikin 100 ne kawai na kuɗin magani, katin ya ƙunshi miji ko mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma mutum na iya sauya asibiti bayan wata shida. Wannan na ƙarshe ku riƙe shi da kyau. Tun da kai ake ƙirgawa a biya, to duk wanda ya ɗauke katinsa ya ɗauke kuɗinsa. Malami ɗaya in ya sauya ba wanda zai ji. Malaman gunduma guda da iyalansu in suka sauya a wata ɗaya, shugaban asibiti da kansa zai nemi ofishin reshe.

Saboda haka kwamitin walwala yana gabatar da shawara ga wannan zaure. Tun da abin da ake ƙirgawa shi ke gyaruwa, to mu zama masu ƙirgar. Mun tsara takarda mai shafi ɗaya wadda za a ajiye wurin wakilin ƙungiya na kowace makaranta. Duk wanda ya je asibiti da katinsa, shi ko iyalinsa, ya cike: rana, lokacin da ya isa da lokacin da ya ga likita, magunguna nawa aka rubuta, nawa aka ba shi, nawa ya biya, ko an ba shi rasit, ko an yi masa bayani, da yadda aka yi masa magana. Ba a buƙatar sunan ciwo, kuma wanda ba ya so ya sa sunansa kada ya sa. Rasit na kemis kuwa ku daina jefarwa, ku maƙala shi a jiki.

Ina roƙonku da babbar murya, ku rubuta mai kyau kamar yadda za ku rubuta mara kyau. Ungozomar nan da ta yi allura kafin ta tambayi kati, har yau babu takarda ɗaya a fayil ɗinta da ke cewa ta ceci rai biyu a daren nan. Mu da muke shekara goma ba a ce mana sannu ba mun san abin da wasiƙar yabo ke yi wa ma'aikaci. Kuma idan muka je gaban hukuma da yabo da kuka tare, ba mai iya cewa 'yan adawa ne suka turo mu.

Duk ƙarshen zango kwamiti zai tattara, ya fitar da jadawali asibiti-asibiti kamar yadda muke fitar da sakamakon jarrabawa, a buga a wannan mujalla tamu, a kuma miƙa wa hukumar taimakekeniya ta hannun uwar ƙungiya ta jiha da ƙungiyar ƙwadago. Tare da shi muna neman shugabannin reshe su samo mana abubuwa uku a rubuce, da hatimi: jerin magunguna da ayyukan da katinmu ya ƙunsa, don a manna a kowane ofishin malamai, ƙa'idar mayar wa mutum kuɗinsa idan an ce babu ya saya a waje, da matsayin malami ranar da ya yi ritaya albashi ya tsaya, wato daidai lokacin da hawan jini da suga da ciwon gwiwa ke sallama. Iyayenmu da ke zaune a layin gaba sun fi ni sanin nauyin wannan tambaya ta uku.

Takardun suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Wakilin kowace makaranta ya ɗauki ashirin ya sa hannu, kashin farko kuma ya iso wurin sakatare kafin ƙarshen wata mai kamawa. Wanda ke da ɗan'uwa a kwance yanzu haka, ya same ni bayan an tashi don in sa shi a jerin dubiyar wannan mako.